Godiya ga Ofishin Lodin Kano zuwa Jos

Zuwa ga Ciyaman, Sakatare, direbobi da 'yan kamasho na layin Jos, ƙungiyar direbobi ta NURTW, Kano.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe Ciyaman, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ana lodi lafiya, ana saukewa lafiya. Na riga na yi muku godiyar baki a ofis, amma na ga ba ta isa ba. Labarin tasha ba ya fita sai an yi faɗa ko kaya sun ɓata. Ranar da aka riƙe amana kuwa ba mai ji, shi ya sa na ce bari in rubuta a inda jama'a za su karanta.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta labarin ƙasa a ɗaya daga cikin jami'o'in Kano. Bincikena a kan kududdufan cikin birni ne, waɗannan ramukan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar ginin gidaje da ta badala, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Yanzu ana ta cike su da shara ana gini a kai, ruwan Agusta kuma ya rasa inda zai kwanta, sai ya bi lungu ya shiga ɗakunan mutane. Na haɗa tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan'adam na nuna waɗanda suka ɓace da waɗanda suka rage. Malamin da ke duba aikina ya tura bayanin ga masu shirya wani taron masana labarin ƙasa a Jami'ar Jos, suka karɓa, suka ce in zo da shi a fosta, a kafe a zauren taro, in tsaya a gefe ina amsa tambayoyi.

Mahaifina bai hana ba, sai dai ya ce sai ya ga mota da direba da idonsa. Muka zo ofishinku ana gobe tafiya. Sakatare na tsakiyar lissafi, ya ajiye biro ya ba Baba kujera. Ya buɗe masa littafin da ake rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa, ya gaya masa cewa motar farko ita ta dace da ni domin a ratsa dajin Falgore da rana, ya kira direban da layi ya zo kansa suka gaisa, suka karɓi lambar juna. Da za mu tafi ya ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, 'yarka 'yarmu ce." Irin wannan magana ana yawan faɗinta. Ku kam kun aikata ta.

Da asuba na zo tasha ba fosta. Shagon da na kai bugawa injinsu ya tsaya cikin dare, suka ce sai bayan azahar. Idan na jira, motar yamma zan hau, dare ya same mu a daji, kuma na san Baba ba zai yarda ba. Idan na tafi hannu rabbana, me zan kafe? Ina tsaye da jaka, hawaye na neman zubowa, Sakatare ya tambayi yaushe ne lokacina a taron. Na ce gobe bayan azahar. Ya ce, "To mene ne abin kuka? Hau ki tafi. Ƙaninki ya kawo ta yau da yamma, motar farko ta gobe za ta taho da ita." Wani ɗan kamasho da ke sauraro ya ƙara da cewa damina ce, kada a kawo takarda tsirara, a nemi guntun bututun famfo mai faɗi, a naɗe ta a zura a ciki, a toshe bakin da leda. A taron na ga malamai da kwanson ɗaukar taswira na kanti mai tsada, bai fi nawa aiki ba.

Sai maganar direban da ya kai ni, wanda shi ma nake kira Baba tun daga wannan rana. Ya sa ni a gidan gaba tare da wata dattijuwa mai fataucin dankalin turawa. Da ya ji abin da nake karantawa, sai ya ce ai shi ma ɗan ajinmu ne, bambancin kawai shi a kan taya ya yi nasa karatun. Na ɗauka raha ce. Kafin mu kai Tudun Wada na fito da littafi ina rubutu.

Mun bar Kano ta hanyar Zariya, muka wuce Kura da Kadawa, shinkafa kore shar hagu da dama. Ya nuna mini magudanan ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya ce in lura, ruwan nan daga inda za mu yake gangarowa. Gaskiya ya faɗa, Kogin Kano daga gindin tsaunukan da ke haɗe da tudun Jos yake tasowa. A Kwanar Dangora muka karya kwana. Daga nan ya fara kiran itatuwa da sunayensu: kuka da gawo suna raguwa, ɗorawa da kaɗanya suna ƙaruwa, har muka shiga Falgore inda doka da maje suka rufe ko'ina, ciyawa ta fi tsayin mutum. A aji an koya mana cewa nan ne ake fita daga yankin ciyayin da ake kira Sudan, mai ƙarancin itatuwa, a shiga wanda ake kira Gini, mai yawansu, an zana mana layi a allo. Baba ya ce layin ba ya tsaye, a shekarun da ya yi yana bin hanyar ya ga gonaki da masu gawayi suna tura shi kudu. Ya san inda ruwa ke riga sauka, ya san gadar da rafinta ba ya ƙafewa da rani, ya san inda ƙasa ke komawa ja. Wannan ilimi ne, kuma a ganina mu masu zuwa da takardar tambayoyi muna asara da ba ma fara tsayawa a tasha.

Duk da hira, idonsa na kan titi. A daji bai tsaya wa kowa ba sai a shingen jami'an tsaro. Saminaka, garin masara, nan ya tsaya aka ci abinci, ya nuna mana mu mata inda za mu kama ruwa cikin sutura, ya jira dattijuwar nan ta gama cinikinta ba tare da ya danna ham ba. Can ya kira mahaifina da kansa ya ce mun fita daji.

Bayan Jengre mota ta fara hawa, kunnena ya toshe, iska ta canja. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, tsaunukan Shere da ke gabashinta sun haura 1,800. Duwatsu a ɗore kan juna, gonakin acca da shingen ƙyarana. Baba ya ce in ciro rigar sanyi tun kafin a sauka. Ya kuma ba ni labarin da ya ji wurin magabatansa na ƙaramin jirgin ƙasan da ke tasowa daga Zariya ya bi ta wannan yanki yana kwaso kuza. Na duba daga baya: ya isa Jos a 1914, aka rufe layin a 1957. Da muka shiga gari bai zube ni a tasha ya juya ba. Ya nemo mai Keke da ya sani, ya yi masa kwatancen masaukin ɗalibai, ya tsayar da kuɗi.

Washegari tun da hantsi wayata ta yi ƙara. Direban motar farko ne, ya ce ya baro Saminaka. Kafin azahar ya sake kira, yana bakin ƙofar jami'a da bututuna a hannu. Bai ɗaure shi a but ƙarƙashin buhuna ba, a bayan kujerarsa ya jingine shi tun daga Kano. An sha ruwa a hanya, takardar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Na miƙa masa na goro ya ƙi, ya ce an biya kuɗin saƙo a ofis, rasit ma yana wurin ƙanina.

Taron ya yi albarka. An yi ta gabatar da takardu a kan zaizayar ƙasa, da ƙaura zuwa birane, da canjin yanayi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata malama 'yar Filato da ta daɗe a gaban taswirata, sannan ta ce su ma suna da nasu kududdufan. Tana nufin ramukan da kamfanonin haƙar kuza na zamanin Turawa suka bari a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, waɗanda ruwa ya cika. Ranar fita fili aka kai mu muka gani. Nasu suna da zurfi ƙwarai, suna cin rayuka, amma da su manoma ke ban ruwan kabeji da karas da tumatir da rani. Namu ba su da zurfi, kuma amfaninsu bai bayyana ba sai da aka fara cike su. Ta ba ni shawarar in auna yawan ruwan da kowane kududdufi ke iya ɗauka, kada in tsaya ga faɗinsa kawai, ta kuma ce in neme ta idan na tashi karatun digiri na biyu. Ba don fostar ta iso ba, da wannan magana ba ta haɗa mu ba.

Ranka ya daɗe, Sakatare ya ce yana son taswirar hanyar nan da sunayen garuruwa da tsayin kowanne, ya manna a bangon ofis. Na fara zanawa, kuma Baba direba zan kawo wa ya duba kafin a buga, domin akwai ƙauyuka da rafukan da ya kira waɗanda ban same su a taswirar da muke da ita a sashenmu na jami'a ba. Mahaifina yana gaishe ku, ya ce a isar wa direbobin nan biyu da ɗan kamashon godiyarsa ta musamman.

Allah ya tsare hanya, ya kiyaye ƙarfe, ya ƙara kasuwa, ya yi wa zuri'arku albarka.

Wassalam.

'Yarku,
Ɗalibar labarin ƙasa daga Kano