Bibiyar Labarai a Waya Tana Cinye Mini Lokacin Aiki

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan fili, na rubuto ne domin neman shawara a kan yawan bibiyar labarai a waya a lokacin aiki, abin da mutane da dama ba sa ɗauka a matsayin matsala.

Ni akanta ne a wani kamfanin hatsi da ke sayen kaya a kasuwar Dawanau ta Kano, kuma muna da abokan ciniki a Maraɗi da Damagaram, saboda haka sanin halin da ƙasa ke ciki yana daga cikin aikina. Da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi nan da nan. Haka kuma bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin shekarar, da aka rufe iyaka, wanda ya riga jin labari shi ne ya san yadda zai yi da motocinsa da suka kama hanyar Jibiya. Tun daga wancan lokaci hankalina ba ya kwanciya idan waya ta yi nisa da hannuna.

Iyayenmu ma masu son labarai ne, amma nasu yana da farko yana da ƙarshe: su saurari BBC Hausa da safe, su kashe rediyo, su tafi kasuwa, sai kuma an sake buɗe tasha. Na waya kuwa ba ya ƙarewa. Ina tsakiyar daidaita rasitan direbobi da littafin shige da fice sai waya ta yi ƙara, in ga an rubuta "da ɗumi-ɗumi". In buɗe da niyyar karanta kanun kawai, daga nan in gangara zuwa cacar bakin masu sharhi a Facebook, sannan in saurari doguwar muryar da wani ya turo zauren WhatsApp. Kafin in dawo kan lissafi na manta inda na tsaya, dole in sake tarawa tun daga sama. Abin takaicin shi ne galibi labari ɗaya nake maimaitawa a DW da RFI da Aminiya, ba tare da na ƙaru da abin da zai canja farashin buhun gero ba.

Na gwada kashe data da safe, amma direbobi da dillalai ta WhatsApp suke nemana, kuma maigidana kan tambaye ni yadda dala ta kwana a kasuwar canjin kuɗi ta Wapa. Na shiga tsaka mai wuya ke nan.

Malam, ta yaya mutum irina zai ware labarin da aikinsa ke buƙata daga wanda son jin ƙwaƙwaf ne kawai? Shin ya fi in tsayar da lokuta, kamar bayan asuba da bayan azahar, in taƙaita a kan kafa ɗaya ko biyu, ko kuwa in sayi ƙaramar waya ta aiki in riƙa kulle babbar a durowa? Idan kuma wani babban al'amari ya auku a tsakanin waɗannan lokuta, wace hanya zan bi ya iso gare ni ba tare da na koma gidan jiya ba?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
Wani akanta daga Kano