Tabiyam ɗinka ba shi da laifi

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Wata huɗu shiru, sai da haɗin sinadarinka ya ƙi haske ka tuna da ni ko? To, na yafe.

Ka ce gungun yuropiyam, wato dunƙulen ƙwayoyin ƙarfen yuropiyam da ka haɗa, ya yi ja zur a ƙarƙashin fitilar UV ta nanomita 365, amma da ka sa ƙarfen tabiyam a madadinsa sai duhu. Ba hannunka ba ne, dbm ce, wato sinadarin dibenzoilmetan da ka liƙa wa ƙarfen. Waɗannan ƙarafan ba sa shan haske da kansu sosai, sai abin da ka liƙa musu ya sha ya miƙa musu. Matakin da dbm ke miƙa kuzari daga gare shi yana wajen 20,000 cm⁻¹ (ma'aunin kuzari ke nan). Na yuropiyam yana kusan 17,250, akwai gangara, kuzari ya sauka, ja ya fito a nanomita 612. Na tabiyam kuwa yana kusan 20,500, kafaɗa da kafaɗa suke, abin da aka ba shi sai ya koma inda ya fito. In koren hasken tabiyam na nanomita 545 kake so, koma wa acac, wato asetilasetonet, a madadin dbm. Kafin ka ƙara ɓarnar kuɗi, haɗa na ƙarfen gadoliniyam ka auna haskensa a sanyin 77 K, wato sanyin ruwan naitirojin, zai nuna maka matakin abin da ka liƙa.

Batun farin gari da ke zauna maka a gindin kwalba kuma, garaje ne, halinka tun muna aji. Gungun mai ƙarfe biyar da dbm goma yana son gishirin yuropiyam EuCl₃·6H₂O miligiram 366, Hdbm (dbm kafin ta kama ƙarfe) miligiram 448 a metanol, sannan Et₃N (tirayetilamin) mililita 0.42. Et₃N ɗin ɗigo-ɗigo za ka sa shi, kana juyawa. Ka antaya shi gaba ɗaya, haidiroksaid zalla za ka samu, ba ya narkewa, ba ya ƙyalli. Rawayan garin da ya fito ka tace, ka narkar a dikulorometan, ka ɗora hekzen a kai a hankali, ka rufe, ka bar shi kwanaki. Kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe kamar mai jiran tuwo.

Af, mai shayinmu ya ƙara aure, har ya tambayi bashinka.

Ruwa ne babban abokin gaba. Girgizar O–H tana shanye kuzarin yuropiyam kafin ya zama haske, shi ya sa na jiƙe yake dusashewa. Auna tsawon ran hasken a metanol, ka sake a CD₃OD, wato metanol mai diyuteriyam a madadin haidirojin, tazarar za ta gaya maka yawan ƙwayoyi masu O–H da suka maƙale wa ƙarfen. In kuma busasshe ne amma hasken bai kai ba, ƙarafan sun cunkushe suna miƙa wa juna kuzari har ya salwanta, sai ka surka da ƙarfen itiriyam. Ka duba siririn layin hasken yuropiyam na wajen nanomita 580, ka ƙanƙanta tsagar na'urar awo. Gungun siffar dala ne, ƙarfe ɗaya a sama huɗu a ƙasa, mazauni iri biyu ke nan, don haka layin zai iya rabuwa biyu.

Me ma ka tambaya game da na'urar? Na manta, sake rubutowa.

Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka har kullum.