Sun San Sunan Goɗiyarsu, Mu Ba Mu San Sunan Madugunmu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in fitar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga tafiya.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina bin rugage da kasuwannin shanu kafin in yi ritaya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da gishiri ya ciyar da mu. Rumfarsa a kasuwar Maigatari take, yakan sayi kantu a hannun Buzaye ya sayar wa Fulani. Da kuɗin kantu aka saya mini allo, da shi aka saya mini littafin boko na farko. Saboda haka maganar gishiri ba a bakin wani na ji ta ba.

A watan Yulin da ya wuce 'yata ta kammala karatu a birnin Krakow na ƙasar Folan, muka je taya ta murna ni da mahaifiyarta. Saura kwana biyu mu dawo ta ce, "Baba, ba za ka bar ƙasar nan ba sai na kai ka ramin gishiri." Na ce mata ai gishiri na san shi tun ba a haife ta ba. Ta ce, "Baba, wannan daban ne, kuma ka taho da rigar sanyi." Muka shiga jirgin ƙasa, ba mu yi rabin awa ba muka sauka a wani ɗan gari mai suna Wieliczka, wanda su suke furtawa kamar Biyelicka.

Daga waje ba ka ganin komai sai wani gini mai ɗan hasumiya. Ana buɗe ƙofa sai matakalar katako mai lanƙwasa, tana ta juyawa tana yin ƙasa, taki 380. Na leƙa ta tsakiya sau ɗaya, na ga matakalar ta yi ta tafiya har ido ya gaza, ban sake leƙawa ba. Uwargida tana bayana tana ta hailala a hankali. Da muka dire, jagoranmu ya ce yanzu muna mita 64 a ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan shi ne hawa na farko a cikin tara. Na ƙarshe yana mita 327. Hanyoyin da aka haƙa a ciki, in aka jona su, sun fi nisan Kano zuwa Kaduna. Abin da ake nuna wa baƙo bai wuce kilomita uku da rabi ba, shi ma sai da ya ci mana kusan awa uku. Sanyin wurin irin na safiyar hunturu ne mara iska, kuma haka yake rani da damina.

Abin da ya fara kama ni shi ne launin gishirin. Na ɗauka zan ga fari fat irin na leda. Ashe toka-toka ne, wani wurin har ya yi duhu, kusan launin kantun da na sani. Jagoran ya manna fitila a jikin bango, sai hasken ya ratsa ciki kamar an haska ƙanƙara. Na shafa bangon da yatsa na kai baki. Wallahi, Edita, a take na ji ni a rumfar mahaifina, ina yaro ina lasar ɓarɓashin kantu daga tabarma.

Tun ƙarni na 13 suke haƙar gishirin dutse a wannan rami, ba su daina haƙa don sayarwa ba sai 1996. A zamanin sarkinsu Kazimierz, wanda ya kafa dokar tafiyar da ma'adinan gishirin a 1368, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga baitulmalin sarki daga gishiri yake fitowa. Sun sassaƙa shi da gishiri a ciki. Wani masanin taurarinsu, Kopernik, shi ma an yi masa nasa. Waɗannan duk na wuce su ba tare da na daɗe ba, don manya a ko'ina ana tunawa da su. Inda na tsaya har ayarinmu ya kusa bari na shi ne wajen talakawan da suka yi aikin.

Akwai wani ɗaki da aka nuna mutane suna rarrafe da gwiwa, kowa riƙe da doguwar sanda mai wuta a kanta. Wata iska ce mai kama wuta take taruwa a rufin ramin, in ta yi yawa ta haɗu da fitilar mahaƙi sai wurin ya tashi. To, waɗannan mutane su ne ke shiga kafin kowa, sanye da jiƙaƙƙun tufafi, su ƙone ta tun tana kaɗan. Mutum ya bar iyalinsa da asuba ya je ya yi rarrafe a gaban wuta domin 'yan uwansa su shiga lafiya. Ba a bar wannan aiki ya ɓace ba, an tsayar da shi a inda aka yi shi, yaran makaranta suna zuwa suna gani.

Sai kuma itatuwa. An jera gungume kan gungume, an gicciya su, sun tokare rufi tun ɗaruruwan shekaru, gishiri ya ratsa su ya hana su ruɓewa. Ga igiyoyi masu kaurin cinya, ga keken katako da mutane ko dawakai ke juyawa don jan kaya sama. Na kuma ga yadda suke fafe gishiri su yi masa siffar ganga don a riƙa mirgina shi, wani ya haura tan ɗaya. Na ce wa 'yata, kin ga hikima iri ɗaya. Mutanen Bilma ma ba don ado suke zuba gishiri a cikin fafaffen kututturen dabino ya fito da siffar kantu ba. Don ya ɗauru a bayan raƙumi ne, ya jure tafiya. Kowa ya duba hanyarsa ya yi wa gishirinsa siffar da za ta kai shi kasuwa.

Da yake aikina na dabbobi ne, na fi daɗewa a bargar dawakai. Da igiya ake zura doki cikin ramin, a can zai zauna, a can zai ci, a can zai yi aiki. Na tambayi jagoran, ta bakin 'yata, yaushe aka daina. Ya ce goɗiya ta ƙarshe an fito da ita a 2002, sunanta Baśka. Nan jikina ya yi sanyi. Akwai wani madugu da ya yi fiye da shekara ashirin yana kawo wa mahaifina kantu. Na san rawaninsa, na san yadda yake tsugunawa ya haɗa shayi a kan 'yar wuta a bayan rumfarmu, na san dabinon da yake ciro mini daga burgame. Amma sunansa ban riƙe ba, Madugu kawai muke ce masa. Na tambayi yayyena bayan na dawo, babu wanda ya tuna. Su sun san sunan goɗiyarsu, mu ba mu san sunan mutumin da ya ƙetare hamadar Tenere sau da yawa ya kawo mana abin da muka ci ba.

A mita 101 akwai majami'ar da suka sa wa sunan Kinga, wata gimbiyar Hungari da aka aurar wa sarkinsu, wadda tatsuniyarsu ta ce zobenta aka tsinta a cikin dunƙulen gishirin farko. Tsawon ɗakin mita 54, faɗinsa 18, tsayinsa 12. Daɓen da muke takawa gishiri ne da aka zana kamar tayil, fitilun da ke rataye ƙwayoyinsu gishiri ne, zanen bango ma haka. Ni Musulmi ne, ba wurin ibadata ba ne, na koma gefe na tsaya. Sai dai ba zan ɓoye ba, aikin ya girgiza ni, musamman da na ji cewa mahaƙa uku ne suka yi mafi yawansa, wa da ƙani 'yan gidan Markowski da wani Antoni Wyrodek, daga 1896 har zuwa 1963. Jagoran ya faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar yana kiran kakanninsa. Gaisuwar mahaƙa a can kuwa, in sun haɗu a hanya, ita ce "Szczęść Boże", wato Allah ya ba da sa'a. Duk wanda ya taɓa jin yadda ake sallamar ayari da "Allah ya kiyaye hanya, Allah ya kai ku lafiya" zai gane abin da ke cikin zuciyar mai faɗin haka.

Kada a ɗauka ramin ya tsaya da kansa ne. Babban abokin gabarsa ruwa ne. A 1992 ruwa ya ɓalle a wata hanya ta cikinsa har ƙasa ta motsa a cikin gari. Danshi ma ya taɓa fara cinye sassaƙe-sassaƙen, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta sa wurin cikin wurare 12 na farko a jerin kayan tarihin duniya a 1978, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari daga 1989 zuwa 1998, sai da aka kafa injinan busar da iska. Har gobe akwai mahaƙa da ke sauka kullum, aikinsu tokare rufi da janye ruwa, ruwan kuma a dafa shi a sama ya koma gishiri. Baƙi sama da miliyan ɗaya ke zuwa a shekara, kowa da kuɗin tikitinsa. Daga mita 135 aka ɗora mu a wani ɗan kejin ƙarfe na mahaƙa, muka matsu a ciki, cikin ƙiftawa da bismilla sai ga hasken rana.

To, Edita, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tarihinmu na gishiri bai gaza nasu ba. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, mafi yawansa rairayi tsantsa, ba inuwa ba ciyawa, sai a yi kwanaki ba a ga rijiya ba. Da kaka ayari ke tashi da gero, har da harawar da raƙuma za su ci a hanya, a bi ta Fachi, a dawo da dabino da gishiri: beza na miya, kantu na dabbobi. Daga nan a gangaro Damagaram da Katsina da Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, ayarin gishiri ya biyo daga Abzin kafin ya shigo Kano a 1851. Ban da na Bilma, akwai mangul na ƙasar Manga, akwai na Fogha, akwai kanwa iri-iri, akwai matan Keana da Awe a Jihar Nasarawa da suka gaji tace ƙasa da dafa gishiri daga iyayensu mata. Sarakuna sun karɓi kuɗin fito a kan wannan kaya, zanguna sun zama unguwanni saboda shi, an yi auratayya tsakanin Abzinawa da Hausawa a kan wannan hanya.

'Yan uwanmu na Nijar sun yi abin a yaba. Bishiyar nan guda ɗaya tilo ta Tenere da ayari ke saiti da ita, da mota ta kaɗe ta a 1973, ba su bar ta ta zama makamashi ba, sun ɗauke ta sun kai gidan tarihi na Yamai. Tsohon garin Agadas ma ya shiga jerin UNESCO a 2013. Amma bishiya da gini ba sa magana. Masu maganar su ne tsofaffin da suka yi tafiyar da ƙafarsu, kuma kullum raguwa suke yi. Manyan motoci sun karɓe yawancin lodin, rashin tsaro ya ƙara tsinka hanyar, gishirin leda ya cika kasuwa.

Na taho da ɗan dunƙulen gishirin Wieliczka, na ajiye shi kusa da wani rabin kantu da na adana tun rasuwar mahaifina. Jikana ɗan shekara goma sha biyu ya ɗauki na Turai yana juyawa yana sha'awa. Sai ya nuna kantun ya ce, "Kaka, wannan fasasshen turmin fa, na mene ne?" Yaron da kuɗin kantu ya yi wa kakansa makaranta ke nan. Ban ga laifinsa ba, laifinmu ne da ba mu nuna masa ba.

Ba ina kiran a ware biliyoyi ba ne. Ɗaki ɗaya ya isa a fara, a Maigatari ko Kano ko Damagaram: a sa kantu da beza da mangul da kanwa kowanne da sunansa da inda ya fito, a sa kututturen da ake zubin kantu, da sirdin raƙumi, da salka, da tabarmar da ake naɗe gishiri, da tukwanen matan Keana. Ɗalibanmu na tarihi da na Hausa a jami'o'i, kowannensu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A tura su wajen tsofaffin madugai da dillalan gishiri da fatoma, a ɗauki sunan kowa da na ubansa, da sunayen rijiyoyi da zanguna, da waƙoƙin da ake yi wa raƙuma. A rubuta shi da Hausa yadda jikana zai karanta. Masu sarauta da 'yan kasuwar da kakanninsu suka yi arziki da fatauci su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin wannan. Ni rabin kantuna da ma'aunin mahaifina suna nan, ranar da aka buɗe ɗakin zan kai su da hannuna.

Akwai wani dattijo Ba'abzine da ke zama a wata rumfa a Maigatari kowace Alhamis. Idonsa ya tafi, amma ƙwaƙwalwarsa garau take. Makon jiya na zauna da shi, ya lissafa mini zangunan hanyar Bilma ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba, wannan karon kuma na rubuta sunansa. Idan za ka turo wakilinka, Edita, ya zo da safe kafin kasuwar shanu ta cika, ni zan tarye shi a tasha in kai shi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi,
Gumel, Jihar Jigawa.