Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Ɗaliban Digiri na Biyu da na Uku, Zangon 2024/2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa maza da mata, ga rahoton abin da muka yi da wanda muka kasa yi a wannan zango. Ma'aji zai kawo nasa lissafin daban tare da rasit, don haka ba zan shiga ƙidayar kwabo ba. Amma tun da kusan duk abin da zan faɗa a kan kuɗin wata ya rataya, da shi zan fara.

Naira dubu ɗaya ce a wata, kamar yadda ku da kanku kuka ɗaga hannu kuka amince a babban taron bara. Cikin kowane mutum uku da ke rajistarmu, da ƙyar ɗaya ya biya na shekara cif. Wasu sun biya wata biyu ko uku suka yi shiru, wasu kuwa tun ranar da suka cike fam ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Ni da Ma'aji mun tura saƙo a zauren WhatsApp, mun bi mutane ɗai-ɗai ta waya, har tsayuwa mun yi a bakin ɗakin gabatar da takarda muna jiran a fito. Akwai wanda na kira sau huɗu, a na biyar ya daina ɗauka, alhali sashenmu ɗaya da shi. Wallahi abin yana ci mini rai, domin ni ma ɗalibi ne kamar kowa, babi na huɗu na kundina yana nan ajiye tun watan Maris.

Ba na musun cewa rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya ɗan uwan da yake tasowa daga wata jiha duk mako don ganin malamin da ke duba masa aiki. Yawancinmu magidanta ne: malaman sakandare, ƙananan ma'aikata, masu ɗan shago, matan aure masu goyo. Lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024 bai iso kanmu ba, tallafin TETFund kuma na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, wanda ba ma'aikaci ba ba shi da rabo a ciki. To, wannan rashin gata shi ne dalilin kafa ƙungiyar tun farko. Wanda ba shi da hali ya zo ya faɗa, mun ɗage wa mutum huɗu biya a bana, kuma babu wanda ya ji sunansu. Shirun ne yake kashe mu, domin da sunan mutum muke tsara kasafi, sai a wayi gari babu shi babu kuɗinsa.

Daga nan sai maganar sola, wadda na san ita ce aka fi yi da mu a kanta. Kowa ya san yadda ɗakin karatunmu yake zama bayan magariba. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato rukunin waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, jami'o'i da yawa suke kuka da kuɗin wuta, mu ma awannin da muke samu sun ragu. Shi ya sa muka yi alkawarin sa farantan sola, inbata da batir, ko da fitilu, fanka biyu da wurin cajin kwamfuta ne kawai za su ɗauka. Mun sayi inbata da faranti biyu. Batir ne ya gagara, shi ne kuma mafi tsada a cikin kayan. An tambaye ni me ya sa muka sayi rabin kaya muka ajiye. Amsa ita ce farashi yana hawa a lokacin, kwamiti ya zauna ya ga gara a riƙe kaya a hannu da a riƙe kuɗin da kullum darajarsa ke zaizayewa, muna kuma sa ran masu bashi za su biya kafin hutun zango. Ba su biya ba. Kayan suna nan cikin kwalinsu a sito, makulli ɗaya yana hannun Shugaba, ɗaya yana hannun Ma'aji. Na ji ana raɗe-raɗin wai an ci kuɗin. Duk mai shakka ya zo a buɗe masa ya gani da idonsa, ya kuma duba rasit. Da ma a ce masu wannan magana suna cikin waɗanda suka biya, da sai mu ce haƙƙinsu suke bi.

Asusun taimakon gaggawa ya yi aiki sau biyu: ɗan uwan da ya yi hatsarin babur a hanyar dawowa daga tattara bayanai, da 'yar uwar da ta rasa mijinta ana saura 'yan makonni ta kare kundinta. Allah Ya ƙara masa lafiya, ita kuma Ya ba ta haƙuri. Na uku ya zo mana ana gab da rufe rajista, kuɗinsa bai cika ba, asusu kuma babu komai. Mu 'yan kwamiti muka haɗa abin da ke aljihunmu, bai kai ba, dole ya jingine karatu na shekara guda. Ban taɓa jin nauyin wannan muƙami kamar ranar da na kira shi na gaya masa ba.

An yi taron wata-wata sau tara, uku ba su yiwu ba saboda rashin cikar adadi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya faranta mana rai, wato bitar kwana biyu a kan neman tallafin karatu da rubutun bincike. Da kujera sittin muka shirya, kafin ƙarfe goma na safe sai da muka aro benci daga ajin da ke kusa, wasu suna tsaye a bakin taga. Ɗalibai daga wasu tsangayoyi da ba ma 'yan ƙungiya ba sun zo, ba mu kori kowa ba. Malamai uku suka ba mu lokacinsu kyauta, ko kuɗin mai ba su karɓa ba.

Malamar da ta fara magana ta yi digirinta na biyu a Ingila da tallafin Chevening, kuma ta warware mana abubuwan da da yawanmu muke ji daga nesa. Ta bayyana cewa tallafin na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, ana son mai nema ya yi aikin da ya kai shekara biyu, wato awa 2,800, kuma zai dawo gida ya zauna aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Da ta ce aikin sa-kai ma yana shiga lissafi, sai na ga wani ɗan uwa da ya daɗe yana koyarwa kyauta a ƙauyensu ya ciro biro ya hau ƙidaya a bayan takardar shiri. Abin da ya fi ratsa mutane shi ne lokacin da ta nemi wani ya ba da takardar bayanin kansa a gyara a gaban kowa. Wani ɗalibin noma ya yi ta maza ya miƙa tasa, aka haska ta a bango da majigi. Sakin layi na farko duk yabon kai ne da manyan kalmomi. Ta tambaye shi, “Malam, me ka taɓa yi da hannunka?” Ya ce ya taɓa haɗa manoman albasa na garinsu suka gina rumbun ajiya don rage ruɓewa. Ta ce, “To ina yake a nan?” Nan take aka goge sakin layin aka fara da rumbun albasa. Ɗakin ya yi tsit, sannan aka ɗau tafi.

Malami na biyu ya yi wa masu digiri na uku bayanin wani reshe na tallafin Commonwealth da yawancinmu ba mu san da shi ba, wanda ɗalibi yana nan da rajistarsa a jami'arsa ta gida zai je Ingila ya yi wata goma sha biyu yana amfani da ɗakin gwaji da laburarensu, ya dawo ya kare kundinsa a nan. Ya taɓo DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, wadda take da tallafin da ake yin karatunsa a cikin Afirka ba sai an haye teku ba, da PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, ga masu fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, da TWAS, cibiyar masana kimiyya ta duniya, ga masu kimiyya. Ya ja kunnenmu a kan abu biyu: a nemi takardar sakamako da wuri domin fitar da ita tana cin lokaci, kuma kada a je wa malami da neman takardar shaida ana saura kwana biyu a rufe.

Ana tsaka da jawabinsa wuta ta ɗauke. Kafin mu gama tunanin abin yi, wani ɗan uwa da ba ya cikin kwamiti ya hau babur ya ɗauko ƙaramin janareton shagonsa, wani ya sayo mai lita biyu da kuɗinsa. Ba a yi rabin awa ba aka ci gaba.

Rana ta biyu ta aiki da hannu ce. An koya mana Zotero, manhajar tsara manazarta wadda kyauta ake sauke ta. Wata 'yar uwa da goyo a bayanta ta ce ta yi mako biyu tana buga manazartanta ɗaya bayan ɗaya, malaminta kuma ya ce a sauya musu tsari gaba ɗaya. Da ta ga an sauya tsarin da latsawa ɗaya, sai ta dafa kai tana salati. An nuna yadda ake neman maƙala a AJOL, rumbun mujallun binciken Afirka na intanet, da Google Scholar, da yadda mutum zai buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike. An kuma daɗe a kan mujallun bogi, masu aiko da saƙo cewa za su buga maka maƙala cikin mako ɗaya in ka biya. Mutum uku suka tashi da kansu suka ce sun taɓa faɗawa, ɗaya ma sai a wajen neman ƙarin girma aka ce masa ba a san mujallar ba. Na yaba musu, domin ba kowa ne zai tona asarar kansa don wani ya tsira ba.

Bayan bitar mun kafa ƙaramin zaure na masu karanta wa juna takardun nema. Mutum goma sha ɗaya sun tura, ɗaya an kira shi ganawa, muna yi masa addu'a. Kuɗin bitar gaba ɗaya daga gudummawar mutane ƙalilan ya fito, da ruwa da abinci da wasu 'yan uwa mata suka dafo daga gida. Allah Ya saka musu da alheri, su da malamanmu uku.

Ziyarar da muka tsara zuwa Kaduna, Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, don masu bincike a tarihi da harsuna, ba ta yiwu ba. Mutum ashirin da biyu suka rubuta suna, shida suka biya kuɗin mota, mun mayar musu da abinsu. Ɗan littafin taƙaitattun bincikenmu ma bai fita ba. Wannan kam ba laifin kuɗi ba ne kaɗai: sau uku muna ɗaga wa'adi, abin da aka turo bai kai shafi goma ba, ba kuma za mu buga littafi da sunan ƙungiya mai mutum sama da ɗari da shafi goma ba.

Mun zauna da hukumar makaranta sau biyu. Mun kai kukan masu goyo da ke buƙatar ɗaki a ƙasa kusa da famfo, an ba da ɗakuna biyu, mun gode. Mun kai na waɗanda suka miƙa kundi suna jiran mai jarrabawa na waje wata da watanni, cikinsu har da waɗanda yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya riga ya ci musu wata takwas, yanzu kuma suna fuskantar biyan sabon kuɗin rajista a kan jinkirin da ba su suka jawo ba. An ce za a duba. Mun rubuta takardar tuni, kwafinta yana cikin fayil. An ce mun yi sanyi a wannan magana. Ranar zama na biyu mun roƙi waɗanda abin ya shafa su raka mu, mutum biyu suka zo. Da wane ƙarfi za mu buga tebur?

Akwai 'yan uwan da ba ma ganinsu sai ranar da suke son takardar gabatarwa daga ƙungiya, ko ranar kare kundi suna son a cika musu ɗaki. Muna zuwa, domin zumunci ne. Amma mutum bakwai ne suka ɗauki ƙungiyar nan a ka shekara guda, biyu daga cikinsu sun miƙa kundinsu, ba za su kai baɗi tare da mu ba. Kwamiti yana ba da shawara biyu ga wannan taro: a koma karɓar kuɗin sau biyu a shekara, a farkon kowane zango lokacin da kowa yake cikin makaranta, kuma duk abin da aka fara tarawa a sa shi a batir kafin a taɓa wani sabon aiki. Ku za ku yanke.

Zaɓen sabon kwamiti zai kasance Asabar ta biyu a cikin watan gobe, bayan la'asar, a ɗakin karatu. Ni ba zan sake tsayawa ba, zan koma kan kundina, amma zan zauna da sabon sakatare har sai ya san kan fayiloli. Masu bashi su ga Ma'aji kafin ranar, yana zama a ɗakin karatu Talata da Alhamis daga azahar. Inda na ɓata wa wani a wajen bin kuɗi, ya yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya