Roƙon Tallafi: Gyaran Masallacinmu da Lungunsa Kafin Damina

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Kwamitin masallacin unguwarmu da ke cikin birnin Kano, tsakanin Kurmi da Dala, yana miƙa ƙoƙon bara ga iyayenmu da 'yan'uwa, na gida da waɗanda suka koma wajen ganuwa.

Daminar bara ta ba mu tsoro. Bangon gabas ya jiƙe tun daga gindi, azara ta fara ruɓewa a soron da yara ke karatun allo, indararo kuma duk sun karye. Wasu sun ce a rushe kawai a zuba bulo. Mun zauna da dattawa da magina, muka ga babu dalili. Ba tsufa ke kayar da ginin ƙasa ba, ruwa ne. Ga Gidan Makama nan, da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yana tsaye saboda ana kula da shi.

Ruwan nan kuwa mun san hanyarsa. Kududdufan da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar tubali su ne ke shanye ruwan sama, yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai. Kwatar lungu leda ta toshe ta, sai ruwa ya kwanta a gindin bango. Mu ma da laifinmu: simintin da muka shafa shekarun baya ya hana bangon shan iska, yana ɓanɓarowa haɗe da ƙasa.

Don haka kaɗan-kaɗan za mu bi, ba tare da an tashi kowa daga gidansa ko an rufe masallaci ba. Bana kwata ce da indararo da azarar soro, tun daga ƙofar masallaci har bakin lungu, domin ruwan maƙwabci a gindin bangonmu yake sauka. Yaɓe da makuba (ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafe bango) da gyaran zankwaye sai bayan kaka, in Allah ya kai mu. Samarin unguwa za su yi aikin tare da tsofaffin magina, ko sa koyi kwaɓa ƙasa.

Muna karɓar kuɗi komai ƙanƙantarsu, da azara, da jan ƙasa, da aikin ƙarfi ranar gayya. A ga ma'aji bayan sallar La'asar, a kuma karɓi rasit. Za a riƙa karanta lissafi duk ƙarshen wata bayan sallar Isha'i.

Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata.

Kwamitin Masallaci