Wasiƙa zuwa ga Umma, tare da gwangwanayen alawa uku

Minneapolis, Amurka
Ƙarshen watan Disamba

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya ta ce min hunturun bana ya tayar da ita har kina sallah a zaune. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. A gaishe min da Baba da kyau, da Gwaggo, da duk mutanen gida. Maigidan yana gaishe ku, jikokinki kuma kullum sai sun tambayi yaushe za mu zo.

Mu nan sanyi ya kankama. Tafkunan garin duk sun daskare, har mutane na tafiya a kai. Rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, kafin yara su huta daga makaranta magariba ta yi. Tsakaninmu da ku awa 7 ne yanzu, shi ya sa in na samu sukunin kira ku kun riga kun kwanta. Don haka na ce bari in zauna in rubuta, Auta ta karanta miki a tsanake, tunda ga mai tahowa gida a farkon Janairu. A cikin jakar za ki ga gwangwanaye uku. Alawa ce, da hannuna na yi ta, kuma ina so ki ji labarinta kafin ki ɗanɗana.

Kin tuna maƙwabciyar nan tawa da nake ba ki labari, dattijuwar da mijinta ya rasu, wadda gidanta ke jikin namu? Kakanninta daga Norway suka zo, kamar mutane da yawa a jihar nan ta Minnesota. Shekarar da muka tare, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa na gan ta cikin dusar ƙanƙara, riƙe da faranti cike da biskit kala-kala da ta gasa da kanta. Na karɓa na yi godiya. Bayan kwana biyu na wanke farantin na mayar mata haka nan wayam, don ban san abin da zan saka a ciki ba, ban san me suke ci ba, me ba sa ci. Umma, daga ƙofarta zuwa tawa bai fi taku ashirin ba, amma kunya ta hana ni ɗaga kai. Muryarki kawai nake ji kina cewa kwanon mutane ba ya komawa gidansu ba komai, ko ƙwai biyu ne, ko sabulu, a saka. Yaba kyauta tukwici. Shekarar da ta biyo na kai mata cincin da dubulan, ta ji daɗi ƙwarai. Bana kuma ita ce ta ce in shigo kicin ɗinta ta koya min alawar da mahaifiyarta take yi duk ƙarshen shekara.

Sunanta a wajensu tofi. Da na fara ji sai da na sake tambaya, don hankalina ya tafi ga tofin da Malam yake yi mana a ruwa in ba mu da lafiya. Amurkawa suna ce mata tofin Ingila, akwai ma ta kanti mai suna Heath da aka fara yi a jihar Illinois tun 1928, amma dattijuwar ta ce ta kanti ba ta kama ƙafar ta gida ba, kuma na yarda da ita.

Kayan haɗin ba su da yawa: man shanu, sukari, ruwa cokali biyu zuwa uku, gishiri, cakulan, sai almon ko gyaɗa. Man shanunsu a sanda-sanda yake zuwa cikin takarda, kowace sanda giram 113. Sanda biyu ake haɗawa da kofi ɗaya na sukari, wato giram 200, kin ga kusan kai ɗaya ke nan. A zuba a tukunya mai kauri, a sa wuta matsakaiciya, a yi ta juyawa a hankali ba tsayawa. Da farko zai yi fari-fari yana kumfa, sai ya koma ruwan ƙwai, ya yi kauri, ya fara sakin jikin tukunya yana bin cokali. Daga nan ba a ɗauke ido ko da yaro na kuka. Ita tana da wani ma'aunin zafi da take maƙalawa a bakin tukunya, tana jira ya kai 300 a lissafinsu na nan, wanda ya yi daidai da kusan 150 a ma'aunin salshiyas da muka sani. Ta yi min bayani cewa muddin da sauran ruwa a ciki zafin ba ya saurin hawa, sai ruwan ya ƙone sannan sukarin ya ɗauki wuta, shi ya sa mintocin ƙarshe suke gudu kamar ana kora su.

Ina tsaye ina kallo sai na ce ta ba ni kofi da ruwan sanyi. Na ɗiga kaɗan a ciki, na tsamo, na karya a tsakanin yatsuna, ya ce ƙas. Na ce mata ya yi. Ta duba ma'auninta, ta dube ni, ta ce a ina na koyi wannan? Na ce a tsakar gidanmu a Kano, wajen mahaifiyata, ranar da duk za a yi kantun riɗi ko iloka. Umma, sai da idona ya ciko. Na tuna ki a kan kujera 'yar tsugunno, gawayi na ja, kina ɗiga sukari a ƙoƙon ruwa kina cewa in ya naɗe a yatsa da saura, in ya karye a sauke. Ashe ita ma mahaifiyarta haka take yi kafin a samu ma'auni. Bambancinta da iloka shi ne ita iloka ana sauke ta da wuri, da sauran danshi, shi ya sa take da danƙo. Wannan kuwa sai an kai ta maƙura, har ta zama kamar gilashi, amma saboda yawan man da ke ciki ba ta wahalar da haƙori, tana rugurgujewa ne a baki.

Da na dawo gida na gwada ni kaɗai, tukunyar farko ba ta yi ba. Ina cikin juyawa sai na ga man ya rabu da sukarin, ya taso sama yana yawo, sukarin ya dunƙule a ƙasa. Na ƙara wuta don in yi sauri, ga tukunyar marar kauri, abin da ya jawo ke nan. Ta biyu kuma na tsaya amsa waya, kafin in juyo ta wuce, ta yi duhu tana ɗaci. Raina ya ɓaci sosai, don man shanu ba arha yake ba, kuma ba ki raine mu da zubar da abinci ba. Na koma wajen dattijuwar, ta ce in man ya fara rabuwa kada in tsorata, in rage wuta in zuba ruwan zafi cokali ɗaya, in ci gaba da juyawa a hankali, sau da yawa yakan koma ya haɗe. Ta ara min tukunyarta mai nauyi. Ni kuma na ajiye cokalinsu na ɗauko ƙaramar muciyar nan da kika saka min a kaya ranar da zan taho, wadda na ce miki ba sai na tafi da ita ba kika ce in tafi da ita. Da ita na yi duk sauran, tukunya tara, babu wadda ta sake lalacewa. Launin da nake jira shi ne na ƙuli-ƙuli mai kyau wanda bai ƙone ba. Yana kaiwa nan sai in sauke.

Ana saukewa sai a juye a faranti mai faɗi da aka shimfiɗa wa takardar gashi, a baza da sauri kafin ta sandare. A nan ake taka-tsantsan, don narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma in ya taɓa fata mannewa yake. Ɗigo ɗaya ya faɗo min a bayan hannu, har yanzu da tabon. Yara ba sa shiga kicin sai an wuce wannan gaɓar. Bayan minti biyu sai a watsa ƙananan ƙwayoyin cakulan a kai, a bar su, zafin alawar da kansa zai narkar da su, sai a shafe da bayan cokali ya rufe ko'ina. Wannan aikin takwararki ce take yi, tana tsaye a kan kujera, harshe a waje don ƙoƙari. Sannan a barbaɗa dakakken almon da aka soya sama-sama, a ƙarshe a kawo gishiri.

Gishirin nan shi ne abin da na fi jinkirin yarda da shi. Na ce wa dattijuwar mu a wajenmu gishiri na miya ne, wa zai sa shi a kan alawa har ana ganinsa? Ta yanko min biyu, ɗaya da gishiri ɗaya babu. Marar gishirin, kafin in gama na biyu zaƙin ya ginshe ni. Mai gishirin kuwa sai ka ji zaƙin ya lafa, ɗacin cakulan ya kwanta, ƙamshin man ya fito, hannunka ya koma faranti ba ka sani ba. Ba irin gishirinmu mai laushi ake sa wa a sama ba, wani ne mai faɗi-faɗi kamar ɓawon kifi, daga ruwan teku ake samo shi, kuma ɗan kaɗan ake barbaɗawa da yatsu uku. Na ce a raina, da ina da ɓarin kantun gishirin Bilma irin wanda Kaka take ajiyewa, da na daka na gwada.

Abu biyu na canza. Su suna zuba ruwan banila don ƙamshi, amma na nan ƙasar da barasa ake haɗa shi, doka ma ta ce sai ya kai kashi 35 cikin ɗari kafin a kira shi na asali. Na nemo marar barasa a kantin 'yan Somaliya inda muke sayen naman halal. Sai kuma gyaɗa. A nan akwai yaran da in suka ci gyaɗa ko almon numfashinsu kan toshe har sai an kai su asibiti, ba abin wasa ba ne. Don haka kowane gida sai da na tambaya tukuna, na kuma rubuta abin da ke ciki a jikin murfin. Gida ɗaya na yi musu tasu daban ba komai a kai sai cakulan da gishiri, na wanke tukunya da muciya tas kafin in fara. Naku kuwa da gyaɗa na yi, na soya ta na murje na daka, kuma wallahi a bakina ta fi ta almon.

Cakulan ya yi tsada tun 2024, lokacin da farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan saboda amfanin gona ya lalace a Gana da Kwaddibuwa, su da suke noma fiye da rabin kokon duniya. Da nake biya a kanti sai na tuna Kawu na Kumasi yana ba mu labarin buhunan koko da ake shanyawa a bakin hanya. A gaya masa ga inda kayan ƙasarsu yake ƙarewa.

Sanyin garin ya yi min rana ɗaya: ba sai na sa a firji ba. A barandar baya nake ajiye farantin in rufe, kafin in idar da la'asar ta daskare. Sai mu zauna mu karya da hannu, kowane yanki da irin fasalinsa, mu jera a gwangwani da takarda a tsakani, mu ɗaure da zare. Gwangwani goma sha huɗu muka raba: maƙwabta na dama da hagu da na tsallaken titi, malaman yara, direban motar makaranta, mai kawo wasiƙu, abokan aikin maigidan, da wata 'yar Somaliya da kullum take aiko mana da halwarsu ranar Sallah. Na dattijuwar ni na kai da kaina, a cikin farantin nan nata na shekarar farko, wanda na roƙa ta ara min. Ta gane shi. Ta ɗauki yanki ɗaya ta karya kusa da kunnenta, ta ci, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta riƙe hannuna ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya taɓa yi mata wannan alawar, kullum ita ce mai yi wa mutane.

Na san Baba zai tambaya, don haka a gaya masa hankalinsa ya kwanta. Ba bikin Kirsimeti muke yi ba, ba mu sa itace a falo ba, yara sun san addininsu, suna zuwa Islamiyya duk Asabar da Lahadi. Haƙƙin maƙwabtaka nake saukewa a lokacin da su suke buɗe ƙofofinsu. Shi da kansa ya karantar da mu cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Kuma ban manta ba, duk Babbar Sallah ni ake aika da naman layya gidan malamin nan Kirista na bayan layinmu, su ma in tasu ta zo sai mun ga shinkafa da kaza. Dattijuwar nan ita ce ta kwana da yara ranar da aka kwantar da ni a asibiti, kuma ɗanta ne yake share mana ƙanƙarar ƙofar gida in maigidan ya yi tafiya.

Yanzu maganar ajiya. Kin san ana cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. To wannan alawar ta haɗa raunin su biyun: cakulan ba ya son zafi, a tafin hannu ma narkewa yake, sukarin kuma ba ya son danshi, yana jan ruwa daga iska ya yi danƙo. Sa'ar da aka yi za ta iso muku cikin hunturu, iska a bushe. A ajiye a ɗakinki inda rana ba ta shiga, a riƙa rufe murfin da kyau, kada a dogara da firji tunda wuta ba ta tsayawa, in ya huce ya yi gumi sai ya ɓata ta. A cinye cikin mako biyu. Idan cakulan ɗin ya yi fari-fari a sama ba lalacewa ya yi ba, mansa ne ya taso saboda canjin yanayi a hanya.

In Auta tana so ta gwada, yanzu ne lokacinta, kada ta bari sai damina. Ta yi amfani da tukunyar dalmar nan mai nauyi, ta rage gawayi, ta samo bota ta gaske ko ɗanyen man shanu mai kyau, ban da soyayye, don shi an riga an ƙone ruwansa da madararsa, kuma su ne suke ba da ƙamshin. Ko babu cakulan ta barbaɗa gyaɗa da riɗi tun da zafinta. Ke dai ki zauna kusa da ita da ƙoƙon ruwanki.

Gwangwani mai jan zare naki ne ke da Baba. Mai shuɗi a kai wa Gwaggo, a ce ta jiƙa a baki kada ta tauna saboda haƙoranta. Na ukun a raba wa yaran gida, a ɗebi kaɗan a aika wa maƙwabta ta hannun Auta. Akwai man zafi guda biyu da safa mai kauri a aljihun gefen jakar, na gwiwarki ne. In mai kawo saƙon zai dawo, don Allah a haɗo min daddawa da kuka da yajin Gwaggo, da riɗi mudu ɗaya, don na yi wa dattijuwar alkawarin zan koya mata kantu kafin azumi.

A ci gaba da sa mu a addu'a, Umma. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
'Yarki