Kara ba wauta ba ce: amsa ga matashin da ya tambaye ni

Ɗana, assalamu alaikum.

A shirin rediyon da aka gayyace ni ka bugo waya ka ce ka ranta wa abokinka kuɗin jari, shekara ta zagayo bai biya ba, kai kuma nauyin baki ya hana ka yi masa magana. Sai ka ce: "Baba, wannan karar da muke taƙama da ita a Katsina, ba wauta ba ce a wannan zamani?" Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ga amsar.

Kirarin garinmu ka riƙe rabinsa ka saki rabi. An ce Katsina ɗakin kara, tudu garin Ɗan Marina, amma an ƙara da cewa kunya gare ku ba dai tsoro ba. Abin da ya rufe maka baki, ɗana, ya fi kama da tsoro: kana gudun a ce ka cika son kuɗi, kana gudun ɓacin ransa. Dubi marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mutum ne mai sanyin magana, amma ranar da aka rantsar da shi a 2007 ya faɗa a gaban duniya cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, daga baya kuma ya bayyana dukiyarsa a fili. Kunyarsa ba ta hana shi faɗin abu mai nauyi ba.

Ka kuma lura da halin ɗan Adam, don nan ne ka fi cutuwa. Wanda kake bi bashi bai manta ba. Duk ranar da ya hango ka sai gabansa ya faɗi. Yau ya sauya hanya, gobe ya ƙi ɗaga waya, jibi ya fara nemo laifinka don zuciyarsa ta samu sauƙi. Shirunka yana fassara shi iri biyu: ko ka yafe, ko ka ƙullace shi. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma a kansu zai gina zamansa da kai. Kuɗin da kake gudun su raba ku, shirun ne zai riga su.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka: a rubuta, a kafa shaidu. Aya ta 280 kuma ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Rubutu da sassauci tare suka zo. Mu ne muka ɗauka cewa neman takarda rashin yarda ne, kuma wannan kuskure ya watsa zumunci da yawa a kasuwanninmu.

To, ka je gidansa bayan isha'i, kai kaɗai, ba a majalisa ba, ba a waya ba. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka faɗi adadin kuɗin da bakinka. Ka tambaye shi nawa zai iya bayarwa duk wata, ko da kaɗan ne, ku rubuta. In ka ga da gaske ya karye, kuma kana da hali, ka rage masa wani abu ka faɗa masa ƙarara, kada ka bar shi yana zato. In ya ƙi sauraro, ka nemo dattijon da yake jin nauyinsa ku koma tare.

Allah ya huwace masa abin biya, ya bar ku tare.

Wassalam,
Babanka a Katsina